Layi Na Ɗari Huɗu Da Sha Bakwai

An turo ni Matosinhos ranar Litinin,
masana'antar kifin gwangwani a bakin teku,
inda ƙarnin kifi da man zaitun
suka kama labule, suka kama fayil, har da madannan kwamfuta.
Aikina ɗaya ne: in kwashe lissafinsu
daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa
kafin Yuni ya rufe ido.

Tsohuwar kuwa riga ce, faci bisa faci.
Shekara talatin ana ƙara mata aljihu
har an manta launin yadin farko.
Wannan facin na haraji ne, dokarsa ta daɗe a kabari.
Wancan na ranar da iskudo ya koma yuro,
an ce na wucin gadi ne, ga shi ya yi furfura.
Akwai mai buga rasit sau biyu
saboda wani dillali a Vigo ba ya yarda da ɗaya.
Dillalin ya mutu.
Ba wanda ya kai wa na'ura labari.

Shugabana ya bugo daga Lisbon:
"Iolanda, kar ki kwaso mana tarkace.
Abin da ba ki gane ba, share shi."

Na share saba'in da uku cikin kwana tara,
hannuna ko rawa bai yi ba.
Sai na iso layi na ɗari huɗu da sha bakwai.

Belmiro ya rubuta shi, ga sunansa a gefe,
Nuwamban casa'in da shida.
Bayaninsa kalma uku: Kada a taɓa.
Duk Juma'a layin yana tsince ɓurɓushin kuɗi,
ɗigon da ke zuba in an cike lissafi,
ya tura wa mai kawo kaya lamba sittin da biyu,
jirgin su mai suna Andorinha,
wanda rabonsa da kawo ko ƙayar kifi
tun ina rarrafe.

Zuciyata ta ce, ga ɓera a rumbu.

Na sauka wurin Dona Ermelinda, akantarsu,
na same ta tana cin burodi kan takardun sito.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.
"Da mutum tara ya fita," in ji ta,
"teku ta maido mana igiya da takalmi ɗaya.
Tsohon maigida ya yi wa matansu alkawari da baki
a ƙofar coci, cikin ruwan sama.
Bai shekara ba ya bi su.
Belmiro ya san baki yana mutuwa,
sai ya ba wa na'ura ajiya.
Saura mata biyu. Ɗaya da shi take sayen maganin ido."

Ruwa ba ya tsami banza.

Na koma sama, na buɗe sabuwar.
Tana da gurbin bashi, gurbin rangwame,
gurbin gwangwanin da ya lotse a hanya.
Na duba har magariba,
ban ga gurbin alkawari ba.

Zan iya ɗinka mata facinta na farko,
in ɓoye shi yadda Belmiro ya ɓoye,
wata yarinya ta zo bayan shekara talatin
ta kira ni ɓarauniya.
Ban yi ba.
Na buɗe asusu a fili, na sa masa sunayen taran,
na buga takarda, na kai teburin jikar maigida.

Yau Alhamis. Takardar tana ƙarƙashin kofinta,
ta yi zoben kofi, ba ta yi sa hannu ba.
An ce in kashe tsohuwar da ƙarfe shida.
Yanzu shida da kwata.
Ina jin fankarta tana tari a ɗakin ƙasa,
ni kuma na rasa inda na ajiye mabuɗin ɗakin
har zuwa gobe da yamma.